Kari, kiɗa da baiti: me aka ɗauka idan aka ce an saci waƙa?

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara maido da tsofaffin waƙoƙin Hausa cikin sabon kiɗa, gardamar satar kari ta sake tashi, a Facebook da TikTok da majalisun matasa, daga Ƙofar Ƙaura a Katsina har bakin kasuwar Daura. Mawaƙi zai saki waƙa da safe, kafin la'asar an jera ta da wata tsohuwa ana cewa ga inda ya kwaso. Masoyansa su ce baitocin nasa ne, kiɗan ma ba iri ɗaya ba ne. Wasu su ce a bar maganar, ba wanda bai ɗauka daga wani ba. Ga kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kowane ɓangare na jawo ta gefensa.

Abin da ke hana wannan ja-in-ja ƙarewa shi ne masu yin sa ba abu guda suke nufi ba. Wani kiɗa yake ji, wani kalmomi, wani kuma muryar mawaƙin ce ta yi masa kama da ta wani. Kari daban yake da duk waɗannan. Yana da sassan da aka gina shi da su, kuma a waƙar Hausa harshen kansa yana da hannu a ginin.

Yadda ake gane kari

A ɗauki waƙar da aka haddace. Idan aka faɗi kalmominta kamar ana karanta wasiƙa, baitoci ke nan, ko ɗiyan waƙa a bakin makaɗa. Idan aka yi shiru aka tafa hannu yadda ganga ke tafiya, kiɗa ke nan, abin da yaran situdiyo ke kira bit. Sai a rufe baki a yi ta ta hanci, ko a yi ta da fito, ba kalma ba ganga. In na kusa ya ɗago kai ya ce ai waƙar wane ce wannan, to abin da ya gane shi ne kari: jerin sautuka masu hawa da sauka, ɗaya na bin ɗaya, kowanne da tsawon lokacinsa, waɗanda kunne ke riƙewa a matsayin abu guda.

Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, rauji suke ce masa. A ajin adabi kuwa, in malami ya ce kari, ma'aunin rubutacciyar waƙa yake nufi, su Kamil da Rajaz da Mutaƙarab na ilimin aruli da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Wannan awon gaɓoɓi ne, doguwa da gajera, bai faɗi inda murya za ta hau ko ta sauka ba. Ishiriniyar Alfazazi ta isa misali. Katsina ta daɗe da saninta, har Wali Ɗanmasani ya rubuta mata sharhi a ƙarni na 17, kuma awonta a takarda bai taɓa canjawa ba. Amma wanda ya zaga zauruka a watan Maulidi zai ji ana rera baiti guda da muryoyi daban-daban. Wannan abin da ke canjawa daga zaure zuwa zaure, shi ake nufi da kari a nan.

Mataki, tazara da tsani

Sauti karkarwa ce. Tsirkiya in an taɓa ta sai ta yi karkarwa, iska ta ɗauka ta kai kunne. In karkarwar ta yi yawa a cikin daƙiƙa guda sauti ya fito siriri, in ta yi kaɗan ya fito da kauri.

Mai goge ya san wannan da yatsunsa. Tsirkiya ɗaya gare shi, ta gashin wutsiyar doki, an ɗaure ta bisa ƙoƙon da aka rufe da fatar damo ko ta guza. Hannun dama na goga baka, yatsun hagu na sauka kan tsirkiyar ɗaya bayan ɗaya, ba sa ma danna ta har jikin sanda. Duk yatsan da ya sauka ya rage tsawon ɓangaren da ke karkarwa, sauti ya hau. Ya ɗaga, sauti ya koma ƙasa. Mai kalangu da hammata yake yin wannan aiki: ya matse, fata ta ɗame, sauti ya hau, ya saki ya sauka.

Duk wurin da sauti ya tsaya a kira shi mataki, abin da ke tsakanin mataki biyu kuma tazara. Kunne ba ya riƙe adadin karkarwa, tazarar yake riƙewa. Dalilin ke nan da yarinya mai siririyar murya da dattijo mai kakkaurar murya za su rera waƙa ɗaya a gane ɗaya ce: kowa ya fara daga inda maƙogwaronsa ya fi sakewa, amma tazarar ba ta canja ba. Mai kiɗa na iya ɗaga waƙa ko ya sauke ta, abin da suke kira canja ki, ya ƙara mata sauri, ya cire kalangu ya sa jita. Muddin tazarar da jerinta suna nan, karin bai motsa ba.

Akwai wata tazara da kusan duk duniya aka yarda da ita. Idan karkarwa ta ninka, a ce daga 440, wadda ake daidaita fiyano da ita, zuwa 880, kunne na jin sautin farko ne ya dawo a sama. Maza da mata in sun haɗa amshi, sau da yawa wannan ninkin ne tsakaninsu ba tare da an shirya ba. Daga sauti zuwa ninkinsa kamar tsani ne, kowace al'umma da yawan matakan da ta kafa a jikinsa. Turawa sun raba shi 12, suna zaɓar 7 a yawancin waƙoƙinsu, su ne do, re, mi da 'yan makaranta ke rerawa. Indiyawa ma 7 ne ginshiƙinsu, sai dai kowane raga, wato salon karinsu, yana da ƙa'idar hawa da ta sauka. Larabawa suna da matakan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu, har a taron masana kiɗa da aka yi a Alƙahira a 1932 an yi muhawara kan ko fiyano zai iya ɗaukar maƙamansu, wato tsarin matakan waƙarsu.

Waƙoƙin gargajiya na Hausa galibi a kan mataki 5 suke tafiya. Mai fiyano a gida na iya gwadawa: baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu-uku, biyu-uku, su 5 ne a kowane ninki, kuma da su kaɗai za a lalubo karin waƙoƙin dandali da na daka da na reno masu yawa. Mutanen Sin da Habasha da Mali ma suna da irin wannan tsani. Lissafin kuwa ba wuya. Da mataki 5, in za a jera sauti huɗu, hanyoyin jerawa 625 ne kacal, kuma da yawansu ba a rera su, domin murya ta fi son matsawa zuwa matakin da ke kusa da ita a kan dogon tsalle. Saboda haka sauti uku ko huɗu su yi kama a waƙoƙi biyu ba hujjar komai ba ce. Dole ma su yi.

Lokaci, numfashi da masauki

Matakai ba su zama kari ba sai an ba kowanne lokacinsa. A jera sauti shida iri ɗaya, a ja na biyu a wannan waƙa, a ja na biyar a waccan, sai su fito baƙin juna. Haka kuma inda murya ke shiga, kan bugun ganga ne, ko gabansa kaɗan, ko bayansa.

Kari kuma yanki-yanki yake zuwa, gwargwadon abin da numfashi ɗaya zai ɗauka. Wani yankin ya fara sama ya gangaro, wani ya hau ya dawo. Akwai kuma masauki, wato matakin da in murya ta dira a kansa mai sauraro ke jin magana ta cika. A waƙar ƙungiya, jagora yakan bar nasa yankin a rataye, 'yan amshi su karɓe su kai shi masauki.

A nan ne tsarin waƙar baka ya bambanta da na situdiyo. A saurari Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ke kwance a Daura tun 1999. Amshinsa gajere ne, ana ta maimaita shi ba ya canjawa, kalangai na riƙe da shi. Abin da shi Shata ke rerawa a tsakani kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ya miƙe in sunan wanda ake wa waƙa da na garinsu sun yi tsawo, ya taƙaita in magana ta zo gajera, kuma in ya sake waƙar a wani taron ba lalle ta fito yadda ta fito jiya ba. Haka amadar Barmani Coge ta Funtuwa take a kan ƙwarya. A irin wannan waƙa, tabbataccen kari yana ga gindin waƙa da amshi. Wanda ya ɗauki amshi ya ɗauki abin da ake gane waƙar da shi, ko da bai taɓa ɗa guda daga ɗiyanta ba.

Sauran abubuwan ado ne da amo: karya murya, jan gaɓa, 'yar rawar da ake sa wa dogon sauti, da irin muryar da Allah ya ba mutum. Su ke sa a so mawaƙi, amma ba su ne kari ba. Manhajar da ta kwafi muryar mamaci ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, matsalarta babba ce, sai dai ba ita ce satar kari ba.

Inda harshe ke da hannu

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama, ko na ƙasa, ko mai faɗuwa, kuma rubutun boko ba ya nuna su. Kuka na yaro sama-sama yake, kuka ta miya sama ce sannan ƙasa. Wuya na jiki yana farawa sama ya sauka, wuya ta wahala ƙasa take farawa ta hau. Ke nan tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, kalmomin da ya zaɓa sun zo da nasu hawa da sauka.

Fada ta daɗe da cin moriyar wannan. Kakaki sauti biyu ne ko uku gare shi, amma da su yake faɗin taken sarki, Katsinawa da Daurawa su ji su san abin da aka ce, saboda busar na bin karin kalmomin take da tsawon gaɓoɓinsu. Haka kalangu ke kiran mahauci ko ɗan dambe da takensa. Wani Bature mai nazarin kiɗa, Anthony King, ya yi bincike a Katsina zamanin Sarki Usman Nagogo, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan a 1969 kan ganguna da kakakin fadar.

To shin dole ne karin waƙa ya bi karin magana? An auna wannan, kuma da waƙar Katsina aka auna. A 1972 wani manazarci, Paul Richards, ya bi wata waƙar Sarkin Taushin Sarkin Katsina ta murnar samun 'yancin kai, gaɓa bayan gaɓa, yana duba ko murya ta hau inda kalma ta hau. Ya tarar a ɗan abin da ya haura rabi ne suka tafi tare sak. A yawancin sauran wuraren, ɗaya ya motsa ɗaya ya tsaya. Inda kalma ta hau murya ta sauka, ko akasin haka, kaɗan ne ƙwarai. Masanin harshe William Leben ya sake duba waƙar a shekarun 1980, ya nuna dacewar ta fi haka in an lura da yadda jimlar Hausa ke gangarowa: sautin sama da ya zo bayan na ƙasa ba ya komawa inda na farko ya tsaya, yana ɗan sauka, haka har ƙarshen jimla. Abin da ake fahimta daga binciken biyu shi ne harshe bai tsara wa mawaƙi karinsa ba, amma ya nuna masa inda ba zai bi ba. Wannan gangarowar kuma ita ake ji a waƙar baka da yawa, jagora ya ɗauko daga sama ya yi ta saukowa har masauki.

Tsawon gaɓa ma haka yake. Gaɓa mai dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe, tana neman lokaci fiye da gajera, ninki biyu a awon waƙa. Mawaƙin da ya ja gajeren wasali saboda kari ya tilasta masa, kunnen Bahaushe zai kama shi nan take, ko da ba zai iya bayanin abin da ya ji ba. Abin da za a ji ya ce shi ne Hausar nan ba ta zauna ba.

Saboda haka mawaƙa biyu da suka yi amfani da kirari ɗaya ko addu'a ɗaya, a kan mataki 5 ɗin nan, muryoyinsu za su bi kusan hanya ɗaya ko ba su taɓa jin juna ba. Kalmomin ne suka ja su. Karin da aka ɗauko daga harshen da ba ya da karin sauti kuwa, kamar Indiyanci ko Ingilishi, bai san da wannan ƙa'ida ba. Wanda zai ɗora masa Hausa sai ya yi aikin zaɓen kalmomin da za su zauna a kai. Gwanaye suna yi har a rantse a nan aka haifi karin. Masu gaggawa kuwa sai su lanƙwasa kalma ta bi kari, shi ya sa wani lokaci sai an ga baitin a rubuce kafin a gane me aka ce.

Zuwan fiyano

Finafinan Indiya sun shigo gidajen sinima na Arewa tun shekarun 1950, kunnuwa suka saba da tsani mai mataki 7 da salon namiji ya rera mace ta karɓa. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a Kano bayan 1990, fiyano ƙirar Yamaha ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa, aka samu abin da ake kira nanaye. Manhajar gyaran murya ta Auto-Tune ta fito a 1997, ta iso situdiyoyin Arewa daga baya tare da kwamfuta.

Yadda aiki ke gudana a ƙaramin situdiyo a Katsina ya nuna wa ke kawo me. Mawaƙi ya shigo da baitoci a waya, kari a baki. Ya rera amshi, mai kiɗa na lalube da yatsa ɗaya a kan maɓallai har ya kama masaukin. "Oga, ɗan ɗaga mani, ya yi mani ƙasa." Ya ɗaga. "Malam, sake maido wurin nan, ka fita daga ki." A maido. Sau da yawa a nan ne mai kiɗa ke cewa a sauke ƙarshen amshin maimakon a ɗaga shi, ko ya ƙirƙiro 'yar busar da ke buɗe waƙa, wadda daga baya ita jama'a za su riƙa yi da fito. Karin da ya fita daga ɗakin nan mutum biyu ne suka yi shi.

Fiyano ya kawo yalwa: matakai 12, sautuka da yawa a lokaci guda, da arahar da ta ba yaron da bai gaji kiɗa ba damar yin waƙa. Amma matakansa a kafe suke. Goge da algaita da maƙogwaron mutum suna iya tsayawa tsakanin maɓalli da maɓalli, suna iya zamewa daga mataki zuwa mataki. Auto-Tune aikinta ta jawo murya zuwa maɓallin da ya fi kusa. In an matsa ta da yawa, zamiyar nan sai ta koma tsalle, wanda shi ne amon ƙarfen da ake ji. Masu cewa waƙoƙin yanzu duk iri ɗaya ne suna da abin kamawa a nan, tunda fiyano iri ɗaya ne, sautukan da kamfani ya zuba a ciki iri ɗaya, saurin kiɗa ma kusan ɗaya. Masu kare na zamani kuma suna cewa waƙoƙin makaɗin kotso guda ma in an jera su kama suke yi da juna, ba a kira shi gazawa, salo ake cewa. Wannan ma gaskiya ce.

Aro, gado ko sata

Masu ganin kari na kowa ne suna da tarihi a bayansu. Makaɗan fada gadon kiɗa suke yi, ɗa ya tashi da karin ubansa. Marubuta waƙoƙin wa'azi sun sha ɗora baitocinsu a kan karin da jama'a suka riga suka sani don saƙo ya shiga da wuri. Sha'irai masu bege ma sun yi haka da karin finafinan Indiya, abin da wasu malamai suka ƙi, wasu suka ga ba laifi tunda an juya shi zuwa yabon Annabi (SAW). A wurin waɗannan, aro girmamawa ne, musamman in an ambaci mai shi.

Ɗaya ɓangaren na cewa wancan zamani ne da ake biyan mawaƙi a fili, da riga da doki da kujerar Makka, wanda ya ari karinka bai rage maka komai ba. Yanzu waƙar kanta ce haja, kuɗi na shigowa ta YouTube da Audiomack, kuma amshi ne ke sa a sake kunna waƙa. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauke kasuwa.

Dokar 2022 tana kare aikin kiɗa da waƙa in an yi ƙoƙarin da ya ba shi kamannin kansa, kuma an adana shi a abin da za a iya sake ji ko gani, ko da naɗi ne a waya. Ba sai an yi rajista ba. Ba ta kare tunani ko hanyar yin abu, don haka ba mai mallakar mataki 5, ko tsarin jagora da amshi, ko kiɗan kalangu. Ta kuma raba haƙƙi biyu da mutane ke haɗawa: na wanda ya ƙirƙiri waƙa, mai ɗorewa shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa, da na naɗin sauti, mai shekara 50 daga fitowarsa. A wannan lissafi, waƙar da mutumin da ya rasu a 1999 ya ƙirƙira tana cikin kariya har ƙarshen 2069. Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin na dandali da na daka, an sa su a babi daban, kuma yin kasuwanci da su na buƙatar izinin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne sauti nawa ne sata. Maganar da ke yawo cewa in ka ɗauki daƙiƙa kaza ko ka canja wuri kaza ka tsira, ba ta cikin doka. Abin dubawa shi ne ko an ɗauki muhimmin ɓangare na aikin. Shari'o'in Amurka ba su ɗaure kotunan Najeriya ba, amma sun nuna wuyar abin. A 1976 kotu ta samu mawaƙin Ingila George Harrison da kwafar kari, alƙali ya yarda ba da gangan ya yi ba, tsohuwar waƙa ce ta zauna masa a kai, amma rashin niyya bai kuɓutar da shi ba. A 2019 kuma aka ci mawaƙiyar Amurka Katy Perry da abokan aikinta tarar kusan dala miliyan 2.8 kan sauti 8 da ake maimaitawa. An soke hukuncin a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a 2022, bisa hujjar cewa irin wannan jeri kayan aiki ne na kowa da kowa.

Ma'aunin da ya fi dacewa da waƙar Hausa shi ne a duba sassan tare, ba ɗaya-ɗaya ba: jerin tazara, rabon lokaci, inda numfashi ke yankewa, da masauki, a tsawon amshi guda cikakke. In duk sun dace alhali kalmomin sun bambanta, da wuya a ce haɗuwa ce, domin sababbin kalmomi da sun ja murya wata hanya. In kuwa kalmomin gama-gari ne iri ɗaya, kuma sauti kaɗan ne suka yi kama, harshe ne ya yi aikinsa.

Waɗanda abin zai shafa

Matashin mawaƙi zai amfana in ya naɗi karinsa a waya ranar da ya zo masa, ya adana. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne takarda tsakaninsa da mai kiɗa tun waƙa ba ta yi kasuwa ba, domin doka ba ta yarda da miƙa haƙƙin mallaka da fatar baki ba, sai a rubuce. Biyan kuɗin situdiyo kaɗai bai raba gardamar wa ya kawo busar da ta sayar da waƙa ba. Mai sa a yi masa waƙar biki ko ta siyasa kuma ya kamata ya tambayi asalin karin, saboda ranar da aka ɗora ta a YouTube mai haƙƙi na iya sa a sauke ta, ko kuɗin da take kawowa su koma gare shi.

Batun ƙirƙirarriyar basira bai tsaya a Najeriya ba. A watan Yuni na 2024 manyan kamfanonin waƙa na duniya sun kai Suno da Udio, masu manhajojin ƙirƙirar waƙa, kotu a Amurka kan amfani da waƙoƙinsu wajen horar da manhajojin. A nan gida akwai ƙarin abin lura da ba na kuɗi ba: manhajar kan miƙar da zamiyar murya, ta karya karin wasu kalmomi, kuma yaron da ya fara jin wannan sigar ita zai ɗauka asali.

Mafi wuyar lamari yana gidajen makaɗan gado. Amshin da makaɗi ya gada daga ubansa, ya ƙara masa ɗiya, ya shahara da shi, na magadansa ne ko na al'umma? Amsar ta dogara ga sanin wa ya fara rera shi, kuma wannan ba a takarda yake ba. Yana cikin tsofaffin faya-fayen gidajen rediyo, yana kuma bakin 'yan amshin da suka yi shekaru a bayan jagora, waɗanda yawancinsu sun manyanta. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da manazarta Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ne suka fi kusa da waɗannan dattawa, su kuma ke da halin zama da su a naɗi bayaninsu, waƙa bayan waƙa, da muryarsu suna rera amshin.